Inuwar Baba a Tsohon Ekaran

Assalamu alaikum. Daga Babban Daraktan Gyaran Kwamfuta na Parakou da Kewaye, zuwa ga Hajiya Rakiya a Libreville. Ina gajiya, ya maigida, ya yara, ya ciwon ƙafar nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Muna sanar da ke an ɗauko tsohon ekaran ɗin marigayi Baba, wato allon kwamfutarsa, daga shagonsa na Djougou, mai ƙatuwar ƙeyar nan, don a haɗa shi da sabuwar kwamfutar da kika aiko. Bakin wayarsa bai shiga ba, sai da muka sayo adafta a unguwar Albarika. Da ya kama, sai ga inuwar mutum da hula a bayan rubutu. Kome aka buɗe, tana nan. Mai gyaran da muka kira ya ce hoton Baba na Makka ne, ya daɗe a kai har ya ƙone gilashin, ba ya goguwa.

Inna ta leƙo, ta ce, "Alhaji, kai ne?" Ta zauna a gabansa, ta ƙi cin abinci har la'asar. Kawu Idi ya ce a fasa shi a binne. Inna ta ce sai dai a fara da ita. Ke ake jira ki raba gardama.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutanen gida.

Babu wani Darakta, Yaya, ƙaninki Sabi'u ne. Na so in ba ki dariya, amma ni ma ɗazu sai da na gaishe shi kafin na zauna. Don Allah ki ce a bar mana shi.