Motar Kamfani Ta Kafe Mini a Yashin Challawa

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna?

Yaya, ina cikin wani hali. Kamfaninmu na jima ya ba ni motar ɗauko fata daga ƙauyuka, mai jan ƙafa huɗu, ni da ban taɓa sauka daga kwalta ba. Jiya na je gwaji bakin kogin Challawa, ta kafe. Ina taka totur don in ba ta wuta tana ƙara nutsewa, sai da masu ɗibar yashi suka turo ni. Manaja ya ce, "Ka sake kafewa, ka ajiye makulli."

Ku da kuka saba da hanyar Agadas, don Allah ku kira ni. Da gaske ana rage iskar taya in za a shiga yashi? Matata Binta ta shiga watan haihuwa, na kasa gaya mata.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninku,
Habu