Fitila a Ƙodar Hagu

Litinin, 4 ga Maris

An yi allurar. Dokta Bolhuis, yarinyar da ke haɗa sinadaran binciken, ta sauko da kanta ta ga an sa mini. Ta sake bayani: maganin zai bi jini yana neman ƙullin da ke ƙodata ta hagu, ita kuma ta maƙala masa ɗan ƙarfe mai fitar da haske, kamar fitilar bayan keke, don injin hoto ya ga inda ya je ya tsaya. In ya taru a ƙullin, ƙullin mugu ne. In bai taru ba, wataƙila in tsira daga wuƙa.

Na ce mata, Dokta, shekara goma sha tara na yi ina jigilar irin kayan nan a tukwanen dalma, daga injinku zuwa asibitocin arewa, tun kina rarrafe.

Ta ce, “Na sani, Meneer Wiersema. Amma kwana goma kar ka rungumi jariri ko mai ciki. Taku biyu tsakaninku.”

Na ce to. 'Yata Tjitske da sauran mako uku ta haihu, me ya dame ni.

Talata, 5 ga Maris

Ta haihu. Ina cikin feraye dankali mijinta Wessel ya kira. Mace. Lafiya lau, ga gashi. Sun sa mata Aaltje, sunan marigayiya matata.

Na zama Opa, kaka. Na faɗa wa mai burodi, na faɗa wa direban bas, na faɗa wa wata mata da ban sani ba a kan gada, ta riƙe kekenta ta saurare ni har ƙarshe. Dankalin yana nan cikin ruwa, ban dafa ba.

Laraba, 6 ga Maris

Na je da shamuwar katako da na sassaƙa tun hunturu, na kafa a ƙofar gidan, alamar an haihu, yadda ake yi a nan. Na shiga, sai ga Hilje, matar da aka turo ta kula da mai jego, ta tare matakala da faɗinta.

“Kai ne Opa mai haske? Takalmi a nan, kai kuma a bakin ƙofa.”

Daga bakin ƙofar ɗakin na ga jaririyar. Ɗan kai kamar lemo, cikin hula. Na miƙa hannu, Tjitske ta ce, “Pa, tsaya nan.”

Na yi musu bayani a natse, ko da yake Hilje ta ce ihu nake. Kayan nan ba ya daɗewa. Kafin awa biyu ƙarfinsa ya ragu da rabi. Gudu muke da shi kamar mai ɗauke da ƙanƙara a rana. In an ɗaga gada don jirgin ruwa ya wuce, asibiti ya fara kira ke nan. Wanda aka yi wa allura da safe, washegari yana ɗaukar ɗansa. Ni yau kwanana biyu.

Tjitske ta ce, “Wancan da ka yi jigila fulorin ne, Pa. Naka zirkoniyam ne. Ina zaune kusa da kai ran da aka faɗa maka.”

Na ce haske haske ne.

Uwar Wessel na zaune a bakin gado da jikata a cinya, tana leƙa ta tana cewa hancin na gidansu ne. Ni aka miƙo mini gasasshen burodin haihuwa mai ɗigon hoda da fari a faranti, na ci a tsaye kamar mai kawo wasiƙa. Hancin na matata Aaltje ne, ko makaho ya shafa zai sani.

Alhamis, 7 ga Maris

Ban je ba. Su riƙe abarsu.

Juma'a, 8 ga Maris

Hoton farko. Na kwanta cikin zoben injin ba motsi har bayana ya sage. Da na fito na tare Dokta Bolhuis, na ce ta rubuta mini 'yar takarda in kai wa Hilje.

Ta ƙi. Wai maganin nan mai nawa ne, kwanaki yake yi kafin ya sami wurinsa, dole fitilarsa ta daɗe. “Fulorin ɗinka ashana ne, Meneer. Da shi na sa, kafin maganin ya isa ƙodarka ya mutu. Wannan sai ya kwana uku da ɗoriya yake raguwa da rabi.”

Na ce tsoron lauyoyi ne ke sa ku wannan doka.

Ta ce, “Haɗarin kaɗan ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma kai ka sa hannu a binciken nan. Jaririyar ba ta sa ba.”

Baki gare ta, yarinyar nan.

Asabar, 9 ga Maris

Tun ina yaro ake gaya mini da wane hannu zan riƙe abu. Malaminmu na firamare ya ɗaure mini hannun hagu a bayan kujera, wai bahago ba ya rubutu a ajinsa. Na bar makaranta na shiga masana'antar garin dankali. Sai da na haura arba'in na koma ajin yamma, malamar ta ga ina kokawa da biro ta ce, “Ebbo, wanne ne hannunka?” Da hagun na koyi rubutu, da shi na ci jarrabawar direbobin kayan haske, lissafin rabi da rabin rabi duka. Yanzu Hilje ce za ta koya mini.

Abin da ban faɗa wa kowa ba: a ranar hoton na saci kallon allo. Akwai ɗigo mai haske a hagu. Ban san ma'anarsa ba tukuna, sakamako sai nan gaba. Amma in ƙullin mugu ne, ban san ɗauka nawa ta rage mini ba, su kuma suna ƙirga mini kwanaki kamar ina da su a sito.

Lahadi, 10 ga Maris

Na kira Sikko, abokin tuƙina na da. Har yanzu yana da tsohuwar mitar da muke auna hasken tukwane da ita. Nufina ya auna ni, mu je tare gidan Tjitske ya faɗa a gaban kowa.

Ya zo, ya sha kofi, ya ci biskit ɗinsa ɗaya ya leƙa gwangwanin ko akwai ƙari. Daga ƙofar kicin mitar ta yi ƙas, can ta sake ƙas. Na ce ka ji ko. Ya matso. Da ya ɗora ta a cikina sai ta ɓarke kamar ƙanƙara a kan kwano.

“Ebbo, da tukunya ce kai, da ban sa ka a motata ba sai da murfi.”

Na ce mitar ta tsufa.

“Ta fi ka ƙuruciya.”

Ban san me ya sa na yi abin da na yi bayan nan ba. Na ɗauko curin burodi na naɗe a tawul, na kwantar a hannun hagu yadda ake riƙe jariri, na ce ya ɗora mitar a kai. Ta yi ta ƙara. Na mai da burodin hannun dama, ƙarar ta ɗan sassauta. Sikko ya kashe mitar, ya ce burodin zai rayu. Ba wanda ya yi dariya.

Ba mu je gidan Tjitske ba. Ana ruwa.

Litinin, 11 ga Maris

Hoto na biyu. Da zan dawo na biyo ta layinsu, hanya ce kawai. Wessel ya hango ni, ya kawo jaririyar bakin tagar falo. Ta yi hamma, ta dunƙule hannu. Ya yi mini alama in matso gilashin, na ce nan ma ina gani.

Hilje ta buɗe ƙofa ta ce, “Yau Opa ya yi hankali.” Na ce ciyawar Wessel nake gudun takawa.

Laraba, 13 ga Maris

Tjitske ta kira. “Gobe, Pa. Na hana uwar Wessel zuwa, ranarka ce.” Na ce in na sami lokaci. Na goge riga, na yanke farce.

Alhamis, 14 ga Maris

Da safe na biya ta wajen Sikko, bututun famfon kekensa na mayar masa. Tunda na je, ya auna. Ƙarar ta ragu sosai, ɗai-ɗai take fita. Ya ce, “Tafi, tsoho, kafin ta yi aure.”

Na zauna a kujera. Tjitske ta kawo ta, ta ɗora mini. Ba ta kai curin burodin nauyi ba. Tana ƙamshin madara, ta buɗe ido ɗaya ta dube ni kamar yadda marigayiya kakarta ke yi in na shigo da takalmi. Na ce mata Opa ne, an tsare ni a hanya, an ɗaga gada.

Ban daɗe da ita ba na miƙa ta. Tjitske ta ce ai ban ma ɗumama ta ba, na ce gobe ma rana ce, jibi zan ƙara.

Ta tsaya tana kallona. “Pa, yaushe ka fara ɗaukar abu da hannun dama?”

Na ce kafaɗar hagun ke ciwo. Sanyi ne.