Kuskuren da Na Gani Na Yi Shiru

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa zaman nesan nan ya zame muku alheri. Mu ma lafiya lau muke. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma shago, kodayake Mama ta ce ba warkewa ya yi ba, zaman gida ne ya ishe shi. Auta ta iya rubuta sunanta, kuma bangon ɗakinki ta zaɓa ta gwada.

Yaya, kin tambaye ni labarin kwas ɗin rubuta manhajar kwamfuta da na shiga a wannan hutun, na ce miki komai daidai. Ba gaskiya na faɗa ba. Makonni shida ke nan muna shiga ƙarfe takwas mu fito biyar, a ɗaki mai fanka ɗaya, idona har yaji yake saboda kallon allo. Amma ba aikin ne ya fi gajiyar da ni ba. Akwai yarinyar da aka haɗa mu tebur, 'yan aji suna ce mata Inji saboda saurinta. Abin da zan wuni ina fama da shi, ita kafin Malama ta gama bayani ta gama. Ba ta da girman kai, biro ma sai ta ba ni nata. Duk da haka, in aka yabe ta sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na daɗe ina ce masa gajiya. Hassada ce, Yaya.

Ka'idar ajin ita ce duk ranar Alhamis abokan tebur su yi musayar kwamfuta, kowa ya yi iya ƙoƙarinsa ya lalata aikin ɗan'uwansa, ya rubuta kurakuran da ya gano a takarda, ya sa hannu. Makon jiya an sa mu yi manhajar jera marasa lafiya a layin ganin likita, aka ce mutum uku da aikinsu ya fi kyau ranar Juma'a za su je wani kamfani koyon aiki. Inji ta gano kurakurai huɗu a nawa, ta fasa fita hutun rana ta zauna muka gyara. Ni kuwa na gano ɗaya a nata: in aka bar gurbin shekaru babu komai, sai shafin ya tsaya cak. Sau uku na gwada. Sannan na rubuta cewa ban ga komai ba, na sa hannu.

Ranar Juma'a abin da Malama ta fara gwadawa ke nan. Nawa ya wuce, nata ya tsaya a gaban kowa. Da aka karanta sunaye, ni ce ta uku, ita babu. Ta juyo ta taya ni murna, har tana cewa kada in damu, kowa yana iya tsallake kuskure bai gani ba. Na zaci zan ji daɗi. Asabar da Lahadi ko abinci ban iya ci sosai ba, Mama ta yi ta tambaya ko zazzaɓi ne.

Kin san ni da kunyar magana, amma ranar Litinin na tsaya bayan an tashi na faɗa wa Malama gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce wanda bai iya aiki ba ana koya masa, amma sa hannun ƙarya ba wanda zai ɗauki mai yin sa aiki. Ta cire sunana, ta ce Inji za ta sake gwadawa, kuma ni da bakina zan gaya mata. Na sami Inji tana naɗe wayar caji. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, “Ai da kin ce kina so, da na koya miki duk abin da na iya.” Washegari ta koma teburin bakin taga.

Jiya ta sake gwadawa, ta ci. Na tafa mata tare da kowa, kuma abin nan ya sake tokare mini ƙirji kamar da. Na yi zaton faɗin gaskiya zai cire shi, ashe yana nan. Saura makonni huɗu, zan ƙarasa insha Allah, kuma gobe Alhamis, duk abin da na gani zan rubuta. Don Allah kada ki gaya wa Mama tukuna. Ki dai faɗa mini ko ke ma kin taɓa jin irin wannan, da yadda kika yi da shi.

Ki gaishe mini da maigidanki da yara, musamman 'yar ɗakina. Baba da Mama suna gaishe ku, haka Gwaggo da Kawu. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki mai kewarki.