Ranar Gayyar Gonar Inna

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Yaya jikinki, yaya maigida da yara? Mu nan Miga lafiya lau.

Ranar gayyar gonar Inna, ciyawa ta kusa cinye geron, muna tsakiyar noma sai ga ɗan takarar kansila, wai kowa ya bar aiki ya taho taronsa. Sai maigidana ya ce masa, "Ranka ya daɗe, tun da kakanninmu suka kafa garin nan ba a barin gayya rabi. Ga fartanya." Mutumin ya tuɓe babbar riga ya duƙa har aka gama. Yaya, ko a littattafan da nake karantawa ban ga namiji irin nawa ba!

Geron Inna ya tsira. Ki taya mu addu'ar damina, ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Maryam