An Ce Babu Mutane a Wuro Modibbo

Gwallameji, Bauchi.

Zuwa ga Yaya Babayo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Anti Saudatu da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan Bauchi sai godiya. Maigidana Sabitu yana ta fama da ofis, Fati kuma ta shiga sakandare. Mahaifiyarmu Dada ce dai jikin sai a hankali, hawan jinin nan ya ƙi sakinta. Maganarta ce ta sa na zauna rubuta maka takarda, tunda a waya kullum sauri kake yi.

Ƙaramar hukuma ta ce za ta rufe ɗakin shan maganin garinmu, a mayar da ma'aikaciyarsa, Malama Roda, Tudun Toma. Tunda ka daɗe rabonka da gida, bari in tuna maka yadda Wuro Modibbo take: dutse a bayanmu, kogi a gabanmu, Tudun Toma a tsallake. Da rani yashi ne, kowa takawa yake ya haye. Da damina kuwa in kogin ya kawo, sai dai a tsaya a gaɓa ana kallon juna. Roda ce mai auna Dada, ta ba ta magani, ta yi mata faɗa a kan gishiri. In ta tafi, ban san wanda zai goya tsohuwa ya ratsa ruwan Agusta da ita ba. Na yi na yi Dada ta dawo wurina, ta ce ba ta kwana a garin da ba a jin kukan saniya, kuma ba ta barin kabarin Baba.

Na je sakatariya da ƙafata. Na wuni a kan benci, sannan wani jami'i, yana danna waya ko kallona bai yi ba, ya ce mutanenmu ba su kai a ajiye musu ma'aikaciya ba, wai a ƙidaya ko unguwa ɗaya ta Tudun Toma ba mu kai ba. Na ce ya zo ranar suna ko jana'iza ya ga jama'a, ya ce shi ba da jana'iza yake aiki ba. Kansilanmu Mansir, wanda lokacin zaɓe ya san sunan kowace tsohuwa a garin, haƙuri kawai ya ba ni, wai abin daga sama yake.

Abin da ya fi ƙona min rai, Yaya, jami'in bai yi mana ƙarya ba. Da rani aka yi ƙidayar nan, samari duk sun bi shanu kudu. Waɗanda suka rage kuma Baffa Ya'u ya bi su gida gida yana rantsuwa jangali da haraji za a dawo da su, aka kwashi yara aka kai bayan dutse. Mata suka ce ba a ƙirga 'ya'ya, baki yana kama su. Ita kanta Dada da aka tambaye ta 'ya'yanta, ni da Maimuna ta ambata ta ja bakinta, don kai ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ta kama sunanka. Mutanen Tudun Toma kuwa motoci suka ɗauko, suka kwaso 'ya'yansu daga Jos da Kaduna. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Kai ma na kira ka lokacin, ka ce aiki ya yi maka yawa.

Yanzu Roda, Allah Ya saka mata, ta yi ta roƙo har an yarda kwamiti zai zo bayan Babbar Sallah ya gani da ido ko akwai mutane. In suka tarar da tsofaffi da awaki kawai, magana ta ƙare. Don haka ka zo da iyalinka gaba ɗaya. Kada ka aiko min da buhun shinkafa kamar yadda ka saba, buhu ba ya tsayawa gaban kwamiti.

Ranar Juma'a na je gida, na gaya wa Dada zan rubuta maka. Ka san tun da muka yi wayo ba ta kama sunanka, yanzu ma wancan na kudu take ce maka. Tana jan carbi, can sai ta ɗago, a gaban Roda da Baffa Ya'u, ta ce in gaya wa Babayo ya zo a ƙirga shi. Da bakinta ta faɗi sunan. Baffa ya sunkuyar da kai, ni kuwa fita na yi bayan ɗaki na yi kukana, don na san tsoro ne ya ci ƙarfin kunyarta.

Ka gaida Anti Saudatu da Rabi'atu da ƙannenta. Sabitu da Maimuna suna gaishe ka. Dada ba ta ba ni gaisuwa ba, saƙonta shi ne wanda ka karanta.

Ƙanwarka mai jiran ganinka,
Hamsatu.