Wayar da Na Cire daga Duron Wanka

Litinin, 3 ga Maris

Yau wata huɗu da rasuwar maigidana, Baban Auta. Farfelarsa tana nan a kan dogon ƙarfenta a bayan gida, tana ta juyawa kamar labarin bai iso mata ba. Wani lokacin haushinta nake ji, Allah ya yafe min.

Da hannunsa ya haɗa ta. Iska ta juya ta, ita kuma ta caja baturan nan huɗu na ɗakin ajiya, su ke riƙe mana fitila da ɗan firjin da muke sa allurar ciwon sugan Inna, mahaifiyarsa. Wutar gwamnati ba ta zo nan ba. In firjin ya tsaya, maganin ya lalace. Ya sha yi min bayanin akwatin cajin da ya kafa a bango, ni kuwa ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Na ɗauka kullum yana nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Na cire wayar hitar da ke ɗumama ruwa a cikin duron banɗaki. Na gaya wa Inna wai tattalin wuta nake yi, firji ya fi bukata.

Ba shi ne dalilin ba. Tun da ya kafa abin nan, duk ranar da aka yi iska mai ƙarfi sai in tarar da ruwan wanka da ɗumi. Ya leƙo yana wani ɗaga gira, ya ce, "Ranki ya daɗe, an ɗora miki ruwa." Yanzu mutumin ya tafi, ruwan bai daina ɗumi ba. Ba na iya tsoma hannu a ciki ban yi kuka ba. Na gaji da kuka a banɗaki.

Asabar, 8 ga Maris

Iska tun safe. Ruwa kamar ƙanƙara, gwiwoyina sun gaya min. Su daure.

Talata, 11 ga Maris

Ɗakin ajiya yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na taɓa batir ɗaya, da zafi zau, ruwan cikinsa yana tafasa, gefensa ya kumbura. Farfela kuma tana wani irin ihu da ban saba ji ba.

Inna ta ce, "'Yar nan, ba haka abin nan yake kuka ba lokacin da yaron nan yake." Na ce mata to ni ba injiniya ba ce, ban iya tayar da matattu ba. Da bakina na faɗa wa tsohuwar da ta binne ɗanta. Ta ja sandarta ta koma ɗaki. Gara ma ta zage ni.

Laraba, 12 ga Maris

Firji ya tsaya. Na naɗe kwalaben allurar da jiƙaƙƙen tsumma na sa a lungun da ya fi sanyi. Na kira Dogo mai gyaran lantarki, abokin marigayi. Gobe zai zo.

Alhamis, 13 ga Maris

Batura biyu sun mutu murus. Dogo ya taka wa farfela burki, ya haɗa biyun da suka rage da firji kaɗai. Maganin ya tsira, Alhamdulillahi. Sai ya bi sawun waya har banɗaki, ya tarar da ita a rataye a ƙusa inda na sagale ta.

"Uwargida, wa ya cire wannan?"

Na ce ni ce, don kada a ɓata wuta. Ya dafe kai. Ya ce iska ba famfo ba ce da za a murɗa a rufe. In batir ya ƙoshi, ita ba ta sani ba, turo wuta kawai take yi. Aikin akwatin nan shi ne ya karkatar da rarar zuwa wani wuri, kuma hitar nan ce wurin. Da na cire ta, sai batura suka yi ta ɗura har suka dahu.

Ashe ruwan ɗumin ba don ni ba ne. Rarar wuta ce ake neman inda za a zubar, ni ce bolar. Shekara shida ina yi masa godiya yana amsawa, ko kunya. Abin ya yi min ciwo, kuma babu wanda zan yi wa fushi.

Lahadi, 16 ga Maris

Dogo ya dawo da wani naɗaɗɗen ƙarfe, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Ni na ce ya kawo abin da sauran mutane suke sawa, a bar min durona da sanyinsa.

Yana kwance ƙusoshi yana surutu, bai ma kalle ni ba. Ya ce wannan kowa yake sawa, a gefen batir, rarar wutar ta zama zafi ta bi iska, aikin minti goma. "Haka na ce wa mijinki tun farko. Ya ƙi ji. Kwana uku muna haƙan ramin waya daga nan har banɗaki, bayana bai manta ba. Wai ranar iska ce gwiwoyinki suka fi damunki."

Na ce zan duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Litinin, 17 ga Maris

Na durƙusa na ba Inna haƙuri. Ta ce, "Tashi, 'yar nan. Ni ma ina yi wa farfelar nan faɗa in ba kya kusa."

Laraba, 19 ga Maris

Na sa Dogo ya tafi da ƙarfensa, ya mayar da wayar duro. Ya nuna min ƙaramar fitilar da ke kamawa a jikin akwatin idan batir ya cika, wannan karon na saurara. Saboda batura na yi, ba wani abu ba.

An yi iska da rana. Inna ta fara shiga wanka, sannan ni. Na ɗan daɗe a ciki, har ta buga ƙofa tana tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, Inna, an ɗora min ruwa ne.