Rabin Baba a Gefen Hoto

Zuwa ga ƙanena, Autanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da mitarta, yara sun koma makaranta, maigidana kuma har yau cewa yake gobe zai gyara famfon kicin.

Maganar Baba ce ta zaunar da ni rubutu. Ka san tun da ɓarin jikinsa ya shanye likita ya ce lallai ya riƙa tattaki kullum, in ba haka ba ƙafar za ta sandare, ba kuma za ta dawo ba. Wata huɗu muna fama. Na lallaɓa, na yi faɗa, har kuka na yi. Iyakarsa bakin ƙofa, ya zauna a kujera ya jingine sandarsa. Cewa yake shi da ya shekara talatin yana rabon wasiƙu a ƙafa, ba zai fita yana jan ƙafa a gaban mutanen da suka san tafiyarsa ba. Gaskiya, Auta, na fara fid da rai.

Ka tuna kyamarar da ka aiko mini, wadda ka rantse a akwati za ta tsufa? To, ka ji kunya. Na shiga wata ƙungiya ta masu sha'awar ɗaukar hoto, muna haɗuwa duk Asabar a ɗakin baya na laburare. Ba ƙwararre ko ɗaya a cikinmu. Doka ɗaya gare su: in an manna hotonka a allo, ba ka da bakin magana sai kowa ya gama faɗin aibinsa. Kai da ka san bakina ka san irin azabar da nake sha.

Da kaka ta shigo, bishiyar nan ta ƙarshen layinmu ta koma ja da rawaya, na ɗauki hotonta na kai ƙungiya ina ji da kaina. Wani direban bas a cikinmu ne ya fara, ya ce da tsakar rana na ɗauka, shi ya sa launin ya koɗe kamar rigar da ta sha wanki. Wata malamar lissafi ta ce hoton ya karkace, kuma na dasa bishiyar a tsakiya ba dalili. Sai wani mai gyaran agogo, dattijo mai idon tsiya, ya ɗauki guntun kwali ya rufe gefen hagu. Ya ce akwai rabin mutum zaune a wata ƙofa can baya yana janye ido, ko dai in yanke shi, ko in kawo shi gindin bishiyar gaba ɗayansa da hasken safiya. Sai a lokacin na lura, Baba ne, kafaɗa ɗaya da sanda. Idona ya cika, ga kuma doka ta hana ni magana.

Muna cin abinci a gida na ba da labarin da sunan raha. Baba ya ajiye cokali, ya tambaya wane mai gyaran agogo ne zai sa a yanke shi. Da na kwatanta, ya ce ai tun wannan yana rarrafe yake kai wa ubansa wasiƙa a shago. Washegari rana na fitowa na tarar da shi a tsaye a bakin ƙofa, sanye da tsohon kwat ɗinsa na aiki, yana tambaya ko ni ce zan sa hasken ya wuce. Taku sittin da biyu ne zuwa bishiyar, na ƙirga. Minti ashirin muka yi. Hoton dai bai fita da kyau ba.

Asabar ta gaba, da aka ba ni izinin magana, na gaya musu komai. Sai mai gyaran agogo ya gyara tabarau ya ce duk da haka hoton ya yi dishi-dishi, a sake. Mako na biye ya ce inuwa ta cinye fuskar. Na bayansa ya ce wuyan kwat ɗin ya naɗe, abin da ko da madubin agogonsa ba na jin ya gani. Ni ma kullum da safe sai in ce wa Baba mu fita, ina gwajin hoton. Baba yana tafe yana yi masa tsiya, amma bai fasa fita ko rana ɗaya ba. Yanzu minti bakwai ke kai mu.

Jiya na kai hoton ƙarshe. Ganyen duk ya zube, saura 'yan kaɗan a reshe. Malamar lissafi ta ce hoton ya yi kyau, sai dai kakar ta ƙare a cikinsa. Na dawo gida ina ganin dabarata ta ƙare tare da ganyen. Da na gaya wa Baba yau, ya kalle ni ya ce wai ina tsammanin bai gane wasan da muke yi da dattijon nan ba ne. Sannan ya ce akwai wata bishiya a bayan tashar bas da ba ta zubar da ganye sai ƙarshen wata, ya san ta tun yana aiki, in shirya gobe da wuri. Nisanta ya ninka wannan sau huɗu.

Ga hoton nan na saka maka a ambulan. Baba ya ce in gaya maka in za ka sa shi a firam, kada ka kuskura ka yanke sandar.

Ka gaishe mini da amaryarmu da 'yan biyu, da Kawu in kun haɗu. Inna da Gwaggo suna gaishe ku, yara kuma suna tambayar ranar zuwanka. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
mai kyamarar da ba ta tsufa a akwati ba.